Gwazan Jos a Shekarar Taimama

Bana bazara ta daɗe. Hadari ya haɗu ta gabas, ya yi baƙi, iska ta taso ta watsa shi, mu koma mu zauna da mafici a hannu. Shekaranjiya da hantsi ina zaune a ƙofar ɗaki sai na ji kwararar ruwa ta wajen dutsen alwala. Na leƙa, ga jikata Ummi riƙe da tiyo, tana sheƙa ruwan famfo a kan furena, wanda ganyensa ya riga ya yi rawaya ya kwanta.

"Ke! Kashe famfon nan!"

"Hajiya, mutuwa fa yake yi. Taimakonki nake."

"Barci yake yi. Ke in kina barci aka sheƙa miki bokiti, taimako ne?"

"To, Allah ya huci zuciyar mai gadin ganye," in ji ta, ta ja tiyonta tana dariya.

Na bi ta da ido, na dubi ruwan da ya kwanta a tsakar gida yana neman hanyar rariya. Sai na tuna baya. Akwai shekarar da ruwan da yarinyar nan ta zubar a tsaye ɗaya zai ishi gidanmu sha da girki har gobe.

Furen nan ganyensa sak na gwaza ne, wanda mutanen Kano ke ce wa makani, sai dai ya fi shi sheƙi. In ya tashi fure, sai ya fito da kara ɗaya, a samansa abu fari tas a naɗe kamar mazurari, da wani ɗan yatsa rawaya a tsakiya. Ummi ta ce a wayarta sunansa kala lili. Haka ma Yaya Hajara ta faɗa ranar da ta kawo shi, amma ba wanda ya riƙe. Mu a gidan nan gwazan Jos muke ce masa.

Yaya Hajara ita nake bi. A ƙauyen Ƙofa aka haife mu, ni aka kawo ni aure nan Kankia, ita kuma ta auri direban babbar mota suka zauna a Jos. Halinmu bai zo ɗaya ba. Yaya takan fita ta bar tukunya a wuta, ta dawo ta tarar ta ƙone, ta yi dariya. Ni kuwa in na rufe ɗaki sai na koma na taɓa ƙofar, in na yi nisa kuma in sake tambayar kaina ko na rufe. Ɗan karatun firamare da na yi ma sai ya ƙara mini son a gaya mini komai dalla-dalla.

A farkon daminar shekarar da aka fara kashe naira, Yaya da mijinta suka yi niyyar Makka ta ƙasa, ta Barno su bi ta Sudan, suna tafe suna sana'a. Ta zo sallama gida, ta biyo ta wurina da wani ƙulli a tsohon ɗankwali. Ta kwance, ga wasu dunƙule-dunƙule masu ƙasa-ƙasa kamar 'ya'yan gwaza, za su cika ƙaramar ƙwarya.

"Rabi, ga amana. Ki riƙe mini har in dawo."

"Yaya, yaya ake yi da shi? Zurfin nawa zan binne? Taki fa? In ya yi tsutsa fa?"

"Ke dai kin cika tambaya. Ruwa da inuwa, shi ke nan."

Ta saɓa goyonta ta tafi bakin titi neman mota. Ita ta faɗi kalmar amana kamar yadda ake cewa sai an jima. Ni kuwa ta zauna mini a ƙirji kamar dutsen niƙa.

A lokacin gidanmu mu biyar ne. Akwai maigidana, wanda nake ce wa Malam, yana koyarwa a makarantar Islamiyya yana kuma noma. Akwai mahaifiyarsa, Inna. Sai ni da yara biyu, ɗana na fari wanda bai daɗe da fara zuwa makarantar allo ba, da 'yar da nake goyo. Inna mutuniyar Kafinsoli ce, doguwa, ba ta da yawan magana, kuma ba ta taɓa kiran sunana ba. 'Yar Ƙofa take ce mini. Ni kuma ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ban taɓa ɗaga ido na dubi tsakiyar idonta ba. Haka ake yi a lokacin, kuma ba ƙiyayya ba ce.

Na zagaya gidan ina neman inda ke da ruwa da inuwa, ban samu ba sai gindin dutsen alwala, ƙarƙashin bishiyar darbejiya, inda ƙasa ba ta bushewa. Amma sai wani tunani ya hana ni sakat. Ruwan da aka yi ibada da shi, ya halatta a shayar da abin da ba a ci? Na kasa haƙa ramin sai da na tari Malam yana sa takalmi.

"Malam, ina da tambaya. Ruwan alwala, in ya zuba a kan fure, babu laifi?"

"Da can ina yake zuba?"

"A ƙasa."

"To furen a sama za ki shuka shi?"

Inna na daga ƙofar ɗakinta tana kaɗi, ba ta ɗago ba ta ce, "Bar ta ta shuka. Alwalar 'Yar Ƙofa ɗaya ta isa ta raya lambu. In ta wanke hannu sai ta sake, wai ba ta tabbata ba."

Gaskiya ta faɗa. Na sunkuyar da kai na je na shuka.

Damina ta fara kamar da gaske. Aka yi shuka, gero ya fito, aka yi noman farko. Gwazan Jos ma ya huda ƙasa, ya warware ganye ɗaya bayan ɗaya. Daga nan sai sama ta ɗauke. Daminar da ta gabata ma ba ta yi kyau ba, rumbuna ba su cika ba, saboda haka kowa idonsa na sama. Kullum da la'asar sai mu ga hadari, mu kwashe shanya, mu jera tukwane a bakin indararo, sai kuma ya baje. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ganyensa ya nannaɗe kamar an murza. Aka fita roƙon ruwa, maza suka juya riguna, tsofaffin mata suka bi gari suna kabbara. Aka ce kowane gida ya fitar da sadakar gumba. Inna ta shiga rumbu da kanta, ta daɗe a ciki, ta fito da abin da bai cika tafi biyu ba.

An ɗan sami yayyafi daga baya, amma ya makara. Da kaka ta yi, abin da Malam ya kawo daga gona a jaki ɗaya ya zo, zangarniya ƙanana marasa ƙwaya. Gyaɗa kuwa ko iri ba ta mayar ba.

Abin kunyar, a daidai lokacin nan ne gwazan Jos ya yi fure. Sanyi na shigowa ya fito da farare tas, ga ganye shar, a gidan da ake auna tuwo. Matan maƙwabta suka riƙa shigowa kallo. Wata ta ce, "Rabi, wannan gwazan naki ya yi kyau, yaushe za a haƙa?" Na ce ba na ci ba ne, na ado ne, kuma ba nawa ba ne. Ta dube ni, ta dubi furen. Da ta fita na ji kamar in rufe shi da tabarma.

Bayan sanyi ya wuce rijiyoyi suka fara ja da baya. Rijiyar gidanmu aka ƙara wa guga igiya, aka sake ƙarawa, har ya zama guga na dawowa da laka. Ta unguwa ma ta bi sahu. Malam ya koma tafiya fadama ta hanyar Kafinsoli da jaki da tuluna biyu. Can maza ke tona yashi su zauna suna jira ruwa ya tsatso, su kwasa da ƙoƙo. In ya fita bayan sallar asuba sai rana ta take yake dawowa, ƙafafunsa fari fat, leɓensa a tsage. Ruwan ja ne, sai mun jefa masa ɗan alif mun bar shi ya kwanta.

Inna ce ke rabon ruwa. Randa na ɗakinta. Na girki daban, na sha daban, kowa da moɗarsa. Wanda aka wanke hatsi da shi a ba akuya. Wanda aka wanke kwano da shi a wanke wa yara ƙafa. Wanka ya zama na Juma'a, shi ma da tsumma. A bakin titi kuwa manyan motoci na ta wucewa daga Kano zuwa Katsina, shaƙe da siminti da kwanon rufi, ana ta cewa ƙasa ta yi arziki. A gefen titin nan kuma mutanen arewa ne ke gangarowa da shanunsu, ƙashin haƙarƙari a waje, in saniya ta durƙusa ba ta ƙara tashi. Har cikin gida muna jin warin.

Wata ranar, bayan Malam ya sauke tuluna, ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Daga yau taimama za mu riƙa yi. Ruwan nan na sha ne. Addini bai ce mu kashe kanmu ba."

Ya kawo wani dutse mai faɗi ya ajiye a bakin zaure, wani a ƙofar ɗakin Inna. Aka kife butoci.

Kowa ya ji sauƙi ban da ni. Ni abu biyu suka taso mini. Na farko, ban yarda taimamata na cika ba. Sai in buga hannu a dutse, in shafa, in tsaya ina tunanin ko na tsallake wani wuri. Na biyu, ba alwala, ba ruwan gwazan Jos ke nan. Ƙasar gindin dutsen da ban taɓa gani a bushe ba ta yi fari ta tsattsage. Ganyen ya fara rawaya daga baki, ya sunkuya, ɗaya bayan ɗaya. In na dube shi sai in ga Yaya ta dawo daga Ɗakin Allah, ta ce ina ajiyata, ni kuma ina nuna mata busasshiyar ƙasa.

Sai na fara rage ruwan shana. In Inna ta zuba mini a moɗa, in kurɓi rabi, in ɓoye rabi a bayan ƙofa. In rana ta yi tsaka, kowa ya shige ɗaki saboda zafi, sai in fito in tsiyaya a gindinsa. Ƙasar takan shanye kafin in miƙe. Harshena ya zama kamar fata, kaina na sarawa, in na tashi tsaye sai na dafa bango. Goyona ta riƙa kama nono tana saki tana kuka. Ganyen kuma bai fasa mutuwa ba.

Ran nan ina durƙushe da moɗa sai na ga inuwa a kaina.

"'Yar Ƙofa, mi kike yi?"

Na ɓoye moɗar a bayana.

"Ɗiyar nan kwana take tana kuka, ina ji. Ashe nononta kike zuba ma ganye."

"Inna, amana ce. Mutuwa yake yi."

Na zaci faɗa za ta yi. Sai ta tsuguna, ta kama ganye ɗaya ta ja, ya fita ba wuya. Ta sa yatsa ta tona gindin, ta shinshina.

"Kawo mani ƙaramar fartanya."

Ta haƙa a hankali daga gefe, yadda ba za ta sare shi ba, ta ɗago dunƙulen gaba ɗaya. Sun yi 'ya'ya, sun ninka yadda Yaya ta kawo su. Amma waɗanda ke daidai inda nake zuba ruwa sun yi laushi, suna wari, in an taɓa sai su fashe.

"Kin gani? Ruwa kaɗan cikin ƙasa mai zahi, dahuwa ce. Ni na yi noman gwaza a fadamarmu tun ina budurwa. In ganye ya kwanta, ba mutuwa ya yi ba, ya koma ciki ne. Sai a ƙyale shi ya huta. Wanga ma ɗan'uwansa ne."

Ta ware ruɓaɓɓun ta jefar. Masu kyau ta kakkaɓe musu ƙasa, ta ce kada in wanke. Muka shanya su a inuwa har fatarsu ta bushe, ta kawo toka mai sanyi daga murhu ta barbaɗe su, ta jera a ƙwarya, ta rufe da faifai, ta rataye a ragaya a ɗakinta inda ɓera ba ya kaiwa.

"Sai ruwa ya sauka. Ke kuma ki sha ruwanki duka, a gabana."

Ranar na fara shan abu a gaban Inna. Na juya mata baya na shanye.

Ƙishirwa ta ɗan yi sauƙi a raina, sai yunwa ta matso. Rumbu ya ƙare tun bazara ba ta raba ba. Muka koma tuwo sau ɗaya a yini, daga nan kunu, daga nan dusa da aka tankaɗe aka dama. Malam ya sayar da tumaki, aka bar akuya ɗaya saboda ɗan nonon da take ba yara. Wani lokaci a sami jar dawa ta agaji, wadda tuwonta ba ya haɗuwa, wani lokaci garin rogo daga kudu. Muka ci yaɗiya, muka ci busasshiyar tafasa, zogalen gidan nan aka tsige shi har ya zama sanda. Yaron nan nawa ya daina wasa. Sai ya zauna a bakin murhu ko ba wuta, yana kallon tukunya.

A nan ne Inna ta fara azumi. Da ma takan yi Litinin da Alhamis. Sai ya zama Talata ma tana yi, Laraba ma tana yi. In na kai mata kunu da rana sai ta ce, "Azumi nike, ba yaran." In an sha ruwa ta kurɓi kaɗan ta ce ta ƙoshi, tsufa ne. Na lura zanenta ya fara zagaya ta sau biyu. Na lura in za ta tashi sai ta dafa ƙasa da hannu biyu. Abin ya dame ni ƙwarai, amma surukar kirki ba ta ce wa uwar miji ƙarya kike. Na gaya wa Malam. Ya je ya yi mata magana, ta ce masa tun kafin a haife shi take azumi, ba shi zai koya mata ba.

Wata ranar da hantsi Malam ya tafi fadama, ina ɗaki ina lallashin goyo, sai na ji ƙamshin gashi. Na yi mamaki, don na san babu abin gasawa a gidan. Na ce ko daga maƙwabta ne. Can sai na ji wani irin tari daga ɗakin Inna, kamar mai shaƙewa, ga kuma faɗuwar kwano.

Ban taɓa shiga ɗakinta ba sallama ba sai ranar. Na tarar da ita zaune a ƙasa, ta riƙe maƙogwaro da hannu biyu, yawu na zuba, idanunta sun yi ja suna hawaye. Leɓenta ya kumbura har ya juye. A gabanta ga ƙwaryar nan an sauke daga ragaya, ga guda ɗaya a gashe, baƙi ƙirin, an ɓare shi an gutsuri gefe.

"Inna! Innalillahi! Inna, me kika ci?"

Ta nuna da hannu. Ta buɗe baki za ta yi magana, harshen ya cika bakin.

Na ɗebo ruwa a randa, ban auna ba, na ba ta ta kurkure ta zubar, ta sake. Na tuna in gwaza bai dahu ba yana ƙaiƙayin baki, akan ba mutum nono. Na ruga na kama akuyar nan, na tatsi ɗan abin da ke jikinta, bai rufe gindin ƙoƙo ba. Na riƙa ɗiga mata da ludayi. Tana turewa tana nuna yaran, ni kuma ina cewa, "Wallahi sai kin sha, Inna." Ban san inda na sami bakin ba. Na zauna na tallafe kanta a cinyata ina sauraron numfashinta, ina jin yana shiga da ƙyar kamar ta cikin tsinke, ina karanta duk abin da na iya. Kafin Malam ya dawo numfashin ya fara daidaita. Ya ɗauke ta a jaki zuwa ɗakin shan magani, suka ba ta abin da suka ba ta, suka ce Allah ya taimaka ba ta haɗiye da yawa ba.

Ta yi kwanaki ba ta iya magana, ba ta iya haɗiyar komai sai ruwan kunu. Azumi dai ya ƙare, don ni ke ba ta da ludayi, kuma ba ta da bakin cewa a'a.

Ranar da harshenta ya saki, ina share mata ɗaki, ta ce, "'Yar Ƙofa, zauna."

Na zauna a bakin ƙofa.

"Na taɓa amanarki ban tambaye ki ba. Ki yahe mani."

"Haba Inna."

"Na duba na ga ƙwarya guda. Na ce wanga in gwaza ne, zai riƙe yaran nan kwana biyu. Gwaza ma ai yana ƙaiƙayi, wuta ke kashe shi. Na ce in gasa shi ƙwarai in gwada a bakina. In ya ciyu, in roƙe ki. In bai ciyu ba, bakin tsohuwa ne."

Na sunkuyar da kai. Hawaye na zuba a kan tsintsiya.

"To ina tambayarki. Da ya ciyu, da kin ba da?"

Ba na son in faɗi abin da ban tabbata ba. Na tuna Yaya, na tuna yaron nan a bakin murhu.

"Da na bayar, Inna. Sai dai da ban ƙara barci ba har Yaya ta dawo."

Ta yi dariya, leɓen ya tsage, ta dafe shi tana cewa wash. "To Allah ya hutar da ke. Yayarki ta san abin da ta bar maki. Wanga ko akuya ba ta ci."

Ruwa ya sauka bayan haka ba da daɗewa ba. Da la'asar ne. Iska ta fara kawo ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa tun daga nesa, sannan aka fara ɗigo manya-manya masu tayar da ƙura, sannan aka sake shi gaba ɗaya. Muka fito da duk abin da ke riƙe ruwa, har murfin tukunya. Yaron nan ya tsaya a ƙarƙashin indararo ya buɗe baki. Inna ta fito da butarta da ta daɗe a kife, ta tara ta cika, ta zauna a kan dutsen alwala cikin ruwan, ta yi alwala a hankali, tana wanke kowace gaɓa kamar mai gaisawa da ita.

Yunwa ba ta tafi ranar ba, sai da muka kai ga sabon gero, kuma kafin nan an sha wuya. Amma tafasa ta fito, rama ta fito, aka sami abin kwaɗo. Da ƙasa ta jiƙu sosai, Inna da kanta ta sauko da ƙwaryar. 'Ya'yan sun yanƙwane, har na ce sun mutu, sai ta nuna mini ɗan tsiro fari a kan kowanne. Ta ce idon ya dubi sama, a binne shi zurfin yatsa, a ba kowanne tazarar tafin hannu, a zuba tsohon takin akuya ba sabo ba. Ta ce tunda ta ci ɗaya, ita za ta biya. Daga ranar ba ta ƙara alwala a ko'ina ba sai a kansu. In ɗan maƙwabta ya matso kusa, ita ke fara daka masa tsawa: "Kai! Ba gwaza ba ne! Tambayi bakina!"

Yaya Hajara ba ta dawo ba sai bayan wasu shekaru, har mun fara cire rai. Ta dawo ta rame, ta yi baƙi, da haƙorin Makka, bakinta na ta zuba kamar da. Lokacin sanyi ne, furen ya cika gindin darbejiya. Bayan an gaisa an ci abinci, na kama hannunta na kai ta wurin, ina shirya yadda zan yi mata bayanin waɗanda suka ruɓe da wanda aka gasa.

"Yaya, ga amanarki."

Ta duba. "Wace amana?"

"Furen da kika bar mini."

"Ni?" Can sai ta tafa hannu. "Au! Abin nan na Jos? Ke Rabi! Ni fa nauyi ya yi mini a kaya, na rasa inda zan jefar. Ashe yana nan?"

Na tsaya kamar an dasa ni. Ban san ko kuka zan yi ko dariya ba. Inna na zaune a kan tabarma da carbi, ta tsufa sosai a lokacin, amma kunnenta ras.

"Hajiya Hajara," in ji ta, "ke kin manta. Mu nan bakinmu bai manta ba."

Aka ba Yaya labari tun daga taimama har gashi. Ta fara da dariya, kafin a kai ƙarshe ta rufe fuska da gyale. Ta ce ita ba za ta ɗauki ko ɗaya ba, ta bar mini duniya da lahira.

"A'a," in ji Inna. "A cika mata ɗankwalinta yadda ta kawo, 'Yar Ƙofa ta samu ta yi barci. Abin da ya ragu namu ne."

Haka aka yi. Da bazara ta zo muka haƙa, na cika ɗankwali na aika mata Ƙofa, inda ta koma da zama. Na ji daga baya ta ba wata maƙwabciya. Ban tambaya ba.

Inna ta rasu, Malam ya rasu, Yaya ma ta rasu. Darbejiyar an sare ta an dasa wata. Yanzu famfo ne a gidan, yara na wanke babur da ruwan da ya fi wanda muka sha tsabta. Ba na hana su, sai dai in sun bar shi yana zuba ba kowa, ƙafata ba ta iya zama.

Jiya da safe na kira Ummi na ba ta ƙaramar fartanya, na ce ta haƙa daga gefe. Ruwan da ta sheƙa bai kai ga yin ɓarna ba. Muka kakkaɓe, muka shanya a inuwa, na sa ta nemo toka wurin masu ƙosai, tunda mu yanzu da gas muke girki. Tana jerawa a ƙwarya ta ɗauki ɗaya ta juya shi.

"Hajiya, wannan fa kamar a gasa a ci da mai da yaji."

Na karɓe shi daga hannunta na mayar cikin toka. Na ce ta je ta wanke hannu da sabulu, ta dawo ta zauna, akwai wata tsohuwa da ya kamata ta san labarinta.